Farantan Ƙasar Ƙanƙara

…kuma ko sau goma zai sake aunawa, abin da zai gani ke nan. Tasa'in da bakwai. Ya zare wayar mita, ya hure bakinta, ya mayar. Tasa'in da bakwai. Mita ba ta da kara. Ba ruwanta da cewa ana dukan mutum taku biyar daga inda take.

Mijinyawa yana durƙushe a ƙarƙashin farantan sola goma sha biyu, waɗanda ke juya famfon rijiyar burtsatsen Gwangwan. Gwiwa a ƙasa, ƙeya na gogar ƙarfe mai zafi. Daga nan ƙafafu kawai ake gani. Silifa, takalmin roba, faso, faso, wani yatsa da ya rasa farce… sai ƙafafu biyu da ba sa tsaye. Na Sulle ne. Sun ɗaure shi a jikin turken ƙarfen da ke ɗauke da farantan, da igiyar da yake yi wa shanunsa dabaibayi. Takalminsa ɗaya yana can gefe, a kife. Wa zai ɗauko masa?

“Ga mai abin ya iso,” haka Gwadabe mai lambun tattasai ya ce ɗazu, tun babur ɗin Mijinyawa bai gama tsayawa ba, ƙotar fartanya a hannunsa, bakinta ya yi ja. “Shiga ka auna, Injiniya. In ya lalata su ka faɗa mana, mu san yadda za mu yi da shi.”

Injiniya. Mutumin da ya fara da gyaran tocila a kasuwar Karaye, ya yi girma ya koma rediyo, rediyo ta mutu ya faɗa sola — shi ne yau Injiniya, shi ne alƙali. Lamba ɗaya suke jira daga bakinsa. In ya ce farantan lafiya lau, ga tsaga nan a gilashi kowa ya gani, ga tanki ba ya cika. In ya ce sun mutu… ƙotar nan ba a ajiye ta ba tukuna. Hannun daman Sulle ya riga ya karye, ya ga yadda yake reto tun daga kan babur. Saura na hagu, saura kai.

Tasa'in da bakwai.

A bayan farantin, daidai saitin idonsa, ga layin lambobin nan. Shuɗin alƙalami, ƙananan rubutu a jere kamar shukar gyaɗa. 2007 — 179. 2008 — 178. 2009 — 178. Kai, mai shuɗin alƙalami, wane ne kai? A zuci yake tambaya, kamar yadda ya saba shekara huɗu ke nan. Kai da kake yi wa bakwai ɗamara a tsakiya. Kowace shekara wata na shida, ba ka taɓa saɓawa ba. Kana zuwa da safar hannu? Kana share ƙanƙarar da tsintsiya, ko jira kake ta narke? Shekara goma sha biyar kana bin farantin nan kamar mai jinya, kuma abin da ya rage a hannunka duka-duka goma sha ɗaya ne. Daga 179 zuwa 168. Tsufa na mutunci. Tsufan wanda ’ya’yansa ke kula da shi.

A ƙasan naka ga nawa, da baƙar maka, rubutu kamar kaza ta yi tono. 166. 151. 128. Yau kuma…

Wani abu ya yi ƙara, irin ƙarar buhun masara in an jefa shi daga kan mota. Ƙafafun Sulle suka miƙe, suka koma. Bai yi ihu ba. Bafillace ne, ai sai dai a kashe shi. Wani yana cewa a dakata, a bari Injiniya ya gama. Wani yana dariya, gajeriyar dariya marar daɗi, ta wanda shi ma tsoro yake ji.

Da ma ƙungiyar gari ba ta aike shi Kano sayo farantan ba. Da ma ranar ya kwana da zazzaɓi. Ɗan kasuwar ya kwantar da farantin a kan benci, ya ƙwanƙwasa shi da zobe — na gwanjo ne, ba zan ɓoye maka ba, amma daga ƙasar ƙanƙara suka fito, can inda rana ke yin wata da watanni ba ta leƙo ba. Shi ke nan, Mijinyawa ya ƙarasa sauran da kansa. Ya dawo ya tsaya a ƙofar gidan mai gari, ya gyara hula. Waɗannan farantan ba su taɓa aiki ba, jama'a. Hutawa suka yi shekara goma sha biyar. Bijimi ne da ba a taɓa ɗaura wa garma ba. Aka yi ta jinjina kai. Shi ma ya jinjina wa kansa.

Ruwa kuwa ya zo. Wa zai ce bai zo ba? Daga safe zuwa azahar na gari da lambu, daga azahar zuwa la'asar na kwamin shanu. Mata suka daina tafiya rafi. Gwadabe ya buɗe lambun tattasai har kadada guda. Sulle ya kawo wa Mijinyawa ƙwaryar kindirmo har gidansa a Unguwar Hajji, a kan keke, bai zubar da ko ɗigo ba. Sulle da ke kiwata masa bijimai biyu tun kafin ya yi aure, wanda bai taɓa ce masa ga abin da za ka ba ni ba…

Sai bazarar farko.

Mijinyawa ya taɓa gilashin da tsakar rana, ya fizge hannu. Wuta. Ya sa mita, lamba ta faɗi. To me mutum zai ce? Baƙi ne. ’Yan ƙasar sanyi ne an kawo su nan ƙasar Rogo a watan huɗu. Ko saniyar turawa in an kawo ta nan ai sai an yi mata rumfa, ana yayyafa mata ruwa. Ya ɗebo bokiti daga bakin famfo, ruwan ƙarƙashin ƙasa mai sanyi kamar na randa, ya watsa. Gilashin ya yi shuuu, tururi ya tashi. Ya kalli mita — lamba ta yi tsalle. Ta yi tsalle, wallahi, a gaban idonsa. Famfo ya canja murya. Ba mafarki ya yi ba, ba ƙarya ya yi ba, ya auna, sau uku ya auna, kuma duk wanda ya auna zai ga haka.

Ka ji ko, mai shuɗin alƙalami? Ni ma aunawa na yi. Ban yi da ka ba.

Shi ya sa doka. Kullum in an yi sallar azahar, bokiti shida. Shi ya zaɓi Sulle, don shi ne kullum yake nan da rana yana jiran layin shanu. Shi ya yanke sandar, ya ɗaura mata tsumma a baki don gogewa, ya miƙa masa hannu da hannu. Sandar nan da suka kama shi da ita yau a kan farantan. Sandar da suka ce da ita yake farfasa su. Tana can yanzu an karya ta gida biyu, a bayansa aka karya ta.

Shekara huɗu. Bokiti shida, daga baya takwas. Sulle bai taɓa fashi ba, har ranar sunan jikarsa. Yana zuba musu yana magana da su da Fillanci, kamar yadda yake yi wa maraƙi. Yana cewa, sannunku da zafi, baƙin Injiniya.

Jini ya gangaro ta gefen turken, ya zo ya tsaya kusa da gwiwar Mijinyawa. Ƙasa ta shanye rabi. Ƙuda har ya samu labari. Ya janye gwiwarsa — ya janye, don kada wandonsa ya ɓaci. Dubi abin da ya dame shi. Wando.

Kwana goma sha shida ke nan da ya sani.

Wata injiniya ce ta gaske, Rumasa'u, ta zo daga Kano duba wani aiki a Karaye, ta tsaya a shagonsa sayen tef. Ya ga dama ta samu. Ya ciro waya, ya nuna mata hoton layin lambobin, yana ɗan murmushi, wai ta ga shi ma yana ajiye tarihi kamar turawa. Ta daɗe tana kallo. Ta ja hoton ta faɗaɗa. Ta ce a nuna mata fuskar farantin. Ya nuna: ga farin dattin gishiri ya daskare, ga wasu siraran layuka a ciki kamar sawun tsutsa. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta zage shi. Cewa kawai ta yi, “Baba, ruwan sanyi kuke zuba musu da rana?”

Ta yi bayani, a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Kofin gilashi in ya ɗau zafi ka tsoma shi a ruwan randa, me yake yi? Na minti goma lamba za ta hau, gaskiya ne. Amma a ciki suna tsagewa. Kaɗan yau, kaɗan gobe. Tsofaffi ne da ma, sanyi ne ya lallaɓa su suka kai haka. Zafin nan kaɗai ma zai ci rabonsa, balle an haɗa musu da… Ta karɓi tef ɗinta.

Garin neman gira. Shekara huɗu yana kashe su da tausayi, yana rubuta mutuwarsu da hannunsa a ƙarƙashin rubutun wani, yana cewa kai, zafin bana ya fi na bara, a ƙara bokiti biyu.

To ya sani. Sai me ya yi? Ya hau babur ya zo Gwangwan ya tara mutane? Ya tsaya a ƙofar mai gari inda ya tsaya da farko, ya cire hular nan da ya gyara? A'a. Ya kira Sulle gefe, bayan tanki, ya ce daga yau a daina zubawa. Sulle ya ce don me. Ya ce haka nan. Haka nan! Mutum ɗan shekara hamsin da biyar, ka ce masa haka nan, kamar yaro. Sulle ya dube shi, ya ce to.

Gobe zan faɗa. In an sauko daga Juma'a. In na samo wasu farantan tukuna, sai in haɗa da albishir. In Gwadabe ya cire tattasai. Gobe.

Ana cikin goben ne ruwa ya ƙara ja baya. Tanki ba ya kaiwa rabi. Ƙungiya ta zauna ta yanke awa guda daga layin shanu. Wani saurayi daga ruga, ba ma ɗan gidan Sulle ba, ya faɗa a bakin kwami cewa in shanu ba su sha ba to ba mai sha. Magana ta shiga gari ta yi ’ya’ya. Tattasan Gwadabe suka fara sunkuyar da kai, layi bayan layi. Sai wani ya hau ya leƙa, ya ga tsaga. Sai aka tuna ai kwana biyu ba a ga Sulle da bokiti ba. Me ya hana shi? Me yake nufi? Wa ya sa shi? Duk wannan Mijinyawa ya ji, a shago ya ji, mutum uku suka kawo masa. Ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da liƙa waya.

Yau kuma Sulle ya kasa haƙuri. Haka suka ce: sun same shi a sama, sanda a hannu, bokiti a gefe. Bokitin ba wanda ya kula da shi. Ya ji tausayinsu ne, shi ke nan. Ya ga rana na dukan baƙi kwana goma sha shida ba wanda ya ba su ruwa, ya saci jiki ya hau.

Kura da shan bugu…

Kuma bai faɗa ba. Wannan ne abin da ke yanka cikin Mijinyawa kamar an sa lauje. Tun ɗazu suke tambayarsa wa ya aiko ka, wa ya ce ka daina, wa ya ce ka hau. Kalma ɗaya ce. Injiniya. Bai faɗa ba. Ko yana ganin amana ce? Ko yana jira ne, yana cewa ai mai abin zai zo, zai yi musu bayani? Da ya ji ƙarar babur ya ɗago kai. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, ɗayan ya same shi. Ba roƙo a ciki. Sauƙi ne a ciki, irin na wanda ɗan'uwansa ya iso.

Shi kuwa ɗan'uwan ya sunkuya ya shige ƙarƙashin farantai, wai zai auna.

Ya san hannun taro. Kada ya yi wa kansa ƙarya, ya san shi ta ciki. Shekarun baya a kasuwa, da aka ce an kama wani da akuya. Bai ga akuyar ba. Bai san mutumin ba. Ya dai tsinci rabin bulo a hannunsa, ya ji nauyinsa, ya ji daɗin nauyin — daɗi, Allah ya yafe — ya jefa ta saman kawuna. Ya ji inda ya sauka. Ya koma shago ya ci ƙosai. Har yau bai tambayi ko mutumin ya tashi ba. Taro ba shi da kunne, hannu gare shi, kuma in ya ɗaga sai ya sauke a kan wani.

A kan wa? In ya fito ya ce ni ne. Za su kwance igiyar su ɗaura masa? Ƙotar nan a kan haƙoransa. A cinna wa babur wuta. A bi shi har Unguwar Hajji, matarsa Tasalla na tsakar gida tana tankaɗe, ta ji hayaniya… Ko ba za su taɓa shi ba, wanda ya fi muni: su yi dariya. Injiniyan da ya yi wa sola wanka. Har jikokinsa sai an kira su da shi. A shiga shagonsa a ce, Malam, rediyona na jin ƙishi. Wai wannan ne? Wannan ne ya ɗora a sikeli ɗaya da hannun Sulle, kwana goma sha shida, kuma wannan ɗin ya rinjaya?

Shi ne. Kunya ce kawai. Ba wani abu mai girma ba.

Ji yake kamar ya fito ya rotsa mitar a goshin Gwadabe. Ya kama gemunsa ya goga fuskarsa a gilashin nan mai zafi har fata ta saluɓe, ya ce karanta, karanta da kanka. Ji yake kamar ya ɗauki dutse ya bi farantan ɗaya bayan ɗaya, goma sha biyun, ya huta. Ji yake kamar ya kama ka, kai mai shuɗin alƙalami, ya shaƙe ka da safar hannunka. Me ya sa ba ka rubuta ba? Layi ɗaya. Ko da yarenku ne, da na nemi mai karantawa. Ka zauna cikin sanyinka kana rage ɗaya-ɗaya, ba wanda ya taɓa zubar da jini a kan lambarka. In ta sauka ka rubuta, ka rufe alƙalami, ka je ka sha shayi. Nan in lamba ta sauka, mutum ake nema.

A'a. Bar bawan Allah. Shi ya rubuta abin da ya gani. Kai ma ka rubuta. Bambancin, shi ba ya ɓoye komai a bayan lambarsa.

“Injiniya, rana na yi.” Muryar Gwadabe. Ƙotar ta taɓa ƙasa sau biyu.

Ya fito da rarrafe. Haske ya mare shi. Yanzu ga fuskoki, duk ya san su, ya gyara wa rabinsu waya, ya ci tuwon sunan ’ya’yansu. Ga Sulle, kai a langaɓe, leɓe a fashe, numfashi na fita da wata ’yar ƙara kamar tsohuwar fanka. Hannun… kada ya kalli hannun.

Bakin Mijinyawa ya buɗe. Abin mamaki, magana ta fito.

“Sun lalace. Amma ba shi ba ne. Ni ne. Ruwan da na sa a riƙa zubawa, shi ya tsaga su. Ni na ce ya daina, ban gaya muku dalili ba.”

Ya faɗa. Ga shi ya faɗa. Ya tsaya yana jiran ƙotar, har ya ɗan runtse ido, har wuyansa ya shige kafaɗa.

Wani ya yi tsaki. Gwadabe ya matso, ya sauya ƙotar zuwa hagu, ya ɗora masa hannun dama a kafaɗa. A hankali, da girmamawa. Tafin yana da ɗumi, yana da danshi.

“Allah sarki, Malam Mijinyawa. Mun san amininka ne. Amma ruwa ya fasa gilashi? Shekara huɗu ana zubawa muna shan ruwa, sai da ya daina abin ya lalace. Kirkinka ya yi yawa. Koma gefe, kada jini ya taɓa ka.”

Kawuna na gyaɗawa. Sun lalace — wannan kaɗai suka ɗauka, sauran ya zube a ƙasa. Ai dole. Wanda ya riga ya karya hannun mutum, ina zai kai gaskiyar da ta ce a banza ya karya? Kwana goma sha shida da suka wuce magani ce. Yau ba mai buƙatarta. Can ta bayan gonakin dawa da aka girbe, ta hanyar ruga, wasu fararen huluna na tahowa, da yawa, ba sa sauri, kowace da sanda a saman kafaɗa. Har yanzu ba wanda ya waiwaya ya gan su sai shi.

Abin da ya kamata yanzu shi ne ya sake faɗa. Da ƙarfi. Ya hau kan turken ya yi ihu, ya rantse da Alƙur'ani, ya kira Rumasa'u a waya su ji da kunnensu, ya kwanta a kan Sulle in ya so a haɗa da shi. Akwai lokaci. Kaɗan, amma akwai. Ƙafarsa ce kawai za ta matsa gaba taku biyu.

Ƙafar ta matsa. Gefe ta matsa, inda aka nuna masa.

Kuma wannan abin da ya sauka a ƙirjinsa sa'ad da Gwadabe ya ce koma gefe… wannan sanyin, da ya bi jijiya har tafin ƙafa, wanda har yanzu bai gama bi ba… ya san sunansa. Ba baƙin ciki ba ne. Ba tsoro ba ne. Daɗi ya ji da ba su yarda ba.

Idon Sulle ɗaya yana kansa, yana jira ya ƙarasa maganar.